Abin da ke Ɗauke da Teku a Cikin Falo

Akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 60 da zurfi 60 yana cin ruwa lita 432. Ruwan teku ya ɗan fi na rijiya nauyi saboda gishirin da ke cikinsa, don haka ruwan kaɗai ya haura kilo 440. Idan aka haɗa da gilashin kansa, da duwatsu, da yashi, da tankin da ake ɓoyewa a ƙasa, lissafin yakan kusanci kilo 600. Wato buhun shinkafa goma sha biyu ke nan, an jibge su a wurin da bai wuce faɗin darduma ba, kuma ana so su zauna a nan shekara da shekaru ba tare da sun karkata ko da kaurin farce ba.

Wannan shi ne aikin da ke gaban duk wanda ya ƙuduri aniyar kiwon murjani mai rai a gidansa, sha'awar da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka da gabashin Asiya. Baƙo idan ya shigo, idonsa kan kifaye masu launi yake sauka. Da wuya ya lura da kabad ɗin da akwatin ke zaune a kai, ko rumfar katakon da ke samansa. Amma waɗannan biyun su ne kundin tarihin sana'ar. Duk lokacin da aka gano wani sabon abu game da buƙatar murjani, siffar mazauni ko ta rumfa ce take fara sauyawa. Wanda ya bi sawun waɗannan sauye-sauye zai ga yadda aka shafe fiye da shekara 130 ana kashe dabbobin teku da kyakkyawar niyya, kafin a koyi raya su.

Dutsen da ke cin abinci

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci ta zo, kuma abin da ta fara nufi shi ne jan dutsen ado da ake cirowa daga Bahar Rum, wanda fatake suka riƙa tsallako da shi Sahara. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Sudan sun ga wani nau'insa dabam a Sawakin da tsohuwar Jidda, inda aka gina gidaje da farin dutsen murjani na Bahar Maliya. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma kuwa ba ta da manyan tuddan murjani, domin koguna suna zuba mata ruwan daɗi da laka, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni.

Abin da ake sawa a wuya ko a yi gini da shi ƙashi ne. Mai ƙashin wata 'yar dabba ce mai taushi, da baki ɗaya a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana zuƙo sinadarin kalsiyam daga ruwa ta gina wa kanta kwarangwal, dubbanta kuma sukan haɗu su zama reshe ko curi. Irin waɗanda ke gina tuddai a tekuna masu ɗumi suna da ƙyanƙyami ƙwarai. Suna son zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, suna son ruwa mai gudu, ba sa jure ƙazanta, kuma ɗan ɓurɓushin tagulla a cikin ruwa ya isa ya hallaka su.

Kwanonin uwargida Thynne

Kafin a yi mazauni sai da aka yi akwati. A 1832 wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power, wadda ta fara rayuwa a matsayin mai ɗinki a birnin Paris, ta ƙera akwatunan ruwa a Messina ta tsibirin Sisili domin nazarin wata dabbar teku mai ƙwanso. Ita tana bakin teku, ruwa ba ya yanke mata. Matsalar ta ainihi ita ce ta wanda ke nesa da gaɓa.

Anna Thynne, matar wani babban limamin cocin Westminster, ita ce ta fara cin karo da wannan matsala a Landan. A 1846 ta tsinci wasu ƙananan murjani a gaɓar Torquay, ta ɗinke su a jikin soso da allura da zare don kada su farfashe a hanya, ta kawo su gida ta zuba a kwanonin gilashi. Da ruwan tekun da ta zo da shi ya fara ƙarewa, sai ta sa mai aikinta ta riƙa juya tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga, domin ya sha iska. Daga baya ta ƙara ciyayin teku a ciki. Dabbobin sun yi kusan shekara uku a raye. Ta yi sa'a ta fuska guda: murjanin ruwan sanyi na Ingila farautar abinci yake yi da hannuwansa, bai dogara da hasken rana ba, don haka yankakken jatan lande ya wadatar da shi.

A 1850 masanin haɗa sinadarai Robert Warington ya gabatar da bayanin abin da ke faruwa. Ya sa jajayen kifi biyu da wata ciyawar ruwa a mazubi mai cin kimanin lita 55. Ciyawa tana ba da iskar da kifi ke shaƙa, kifi yana ba ta wadda take buƙata. Da gansakuka ta fara ɓata ruwan, sai ya ƙara katantanwa suka cinye ta. Daga nan aka ɗauka cewa an gano sirrin: a daidaita tsiro da dabba, a bar su su riƙe juna. Wannan fahimta ita ce ta tsara kayan ɗakin farko. Tun da ba a ga buƙatar inji ko fitila ba, abin da ake nema kawai shi ne tebur mai kyan gani a kusa da taga.

Zamanin ƙarfen zubi

Abubuwa uku suka haɗu suka mai da gwajin masana abin yayi. Majalisar Birtaniya ta soke harajin gilashi a 1845, farashinsa ya faɗi. Jirgin ƙasa ya kusanto da gaɓar teku ga mazauna birni. Sannan a watan Mayun 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi, na farko irinsa da jama'a ke shiga kallo. Philip Henry Gosse, wanda ya riƙa aiko wa ɗakin da dabbobi daga gaɓa, ya fitar da littafinsa *The Aquarium* a 1854, kuma shi ya tabbatar da sunan da duniya ke kiran akwatin da shi har yau. Ya kuma wallafa yadda za a haɗa ruwan teku na jabu da gishiri iri huɗu.

Masu hali suka ruɗe. Masana'antun narka ƙarfe suka shiga fitar da mazaunai masu ƙafafu da aka zana musu ganye da kifaye da tsuntsaye, wasu da maɓuɓɓuga a tsakiya, wasu an haɗa su da kejin tsuntsu ko tukwanen furanni. Gindin akwati yawanci na dutsen allo ne, gilasan kuma an danna su cikin firam na ƙarfe an liƙe da danƙo. Ta fuskar ɗaukar nauyi ƙarfen zubi ba shi da laifi. Laifinsa a wani wuri yake. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, kuma duk abin da ya ci yana komawa cikin ruwan. Danƙon wancan zamani sau da yawa da gubar dalma ake haɗa shi. Taga kuma, wadda aka zaɓa domin ciyayi, tana dafa ruwan da rana ta mai da shi kore shar. Mai gida yakan wayi gari ya tarar da ɗaki yana wari, dabbobin da ya saya da tsada sun narke.

Cikin shekara goma yayin ya lafa. Amma kafin ya lafa ya bar tabo. Ɗan Gosse, marubuci Edmund Gosse, ya ba da labari a littafinsa na 1907 cewa kududdufan duwatsun gaɓar da ya sani cike da halittu yana yaro, masu tsince-tsince sun kwashe su ƙarƙaf, kuma littattafan mahaifinsa ne suka nuna musu hanya. Tun ranar farko, ashe, kuskuren da aka yi a falo teku ce take biyan kuɗinsa.

Ruwan da ke cikin duhu

Mutumin da ya fi kowa fahimtar dalilin wannan asara ba ɗan jami'a ba ne. William Alford Lloyd ma'aikacin kantin littattafai ne da ya koyar da kansa, ya buɗe shagon sayar da akwatuna da dabbobi da ruwan teku a titin Portland na Landan a tsakiyar shekarun 1850. Da kasuwa ta mutu shagon ya rushe, sai ya koma gina manyan ɗakunan kifi: na Hamburg a Jamus, wanda aka buɗe a 1864, da na Crystal Palace a Landan a 1871. Tsarinsa ne kuma aka bi a cibiyar nazarin teku ta Naples a Italiya, wadda ɗakin kifinta ke aiki har yanzu.

Lloyd ya daina dogaro da daidaiton tsiro da dabba. Ya ce ruwa ya riƙa motsi dare da rana, kuma mafi yawansa ya zauna inda ido ba ya gani. Ya haƙa manyan rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu da sanyi, waɗanda suka ninka ruwan kallo sau da dama. Injin tururi yana tura ruwan sama, ya ratsa akwatunan, ya malalo ya koma rumbu. Duhu yana hana gansakuka yaɗuwa, laka tana kwanciya, zubowar ruwan tana shayar da shi iska, yawansa kuma yana hana zafi hawa da sauka da sauri. Ya kuma guji ƙarfe a hanyar ruwan, ya yi amfani da bututun roba mai tauri.

Babu gidan da zai iya ɗaukar injin tururi a falo, saboda haka dabarar ta zauna a manyan gine-gine har kusan ƙarni guda. Sai dai duk mai kiwon murjani na yau da ya buɗe ƙofar kabad ɗinsa ya nuna ƙaramin tankin da ke ciki, rumbun Lloyd yake nunawa, an ƙanƙance shi.

Gilashi, silikon da gishirin buhu

A farkon rabin ƙarni na 20 masu sha'awa sun karkata ga kifayen ruwan daɗi na ƙasashe masu zafi, waɗanda ba su da wuyar sha'ani. Mazauni ya koma siririn firam na ƙarfe, a wasu gidajen ma da gurbin ƙaramar fitilar mai a ƙarƙashin dutsen allo domin ɗumama ruwa. Ruwan gishiri ya ci gaba da gagara saboda tsatsa.

Ƙofar ta buɗe ne da wasu ƙirƙire-ƙirƙire da ba don kifi aka yi su ba. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya sanar da hanyar yin gilashi ta malala shi a kan narkakkiyar kuza, wadda ke ba da faifai sumul, mai kauri ɗaya, kuma mai araha. A shekarun 1960 danƙon silikon ya shigo kasuwa, aka gano yana iya riƙe gilashi da gilashi ba tare da firam ba. A daidai wannan lokaci wani kamfani a jihar Ohio ta Amurka ya fara sayar da gishirin teku na haɗi mai suna Instant Ocean, jiragen sama kuma suka fara kawo kifi daga Filifin da Hawaii cikin kwana ɗaya ko biyu.

Cire firam ya warkar da cutar tsatsa, amma ya ɗora wa mazauni sabon nauyi. A da ƙarfe ne ke shanye murɗiya idan ƙasa ba daidai take ba. Yanzu duk wata karkata kai tsaye take zuwa ga gilashi da siririn layin silikon. Tun daga nan lebur ɗin saman mazauni ya zama maganar rai da mutuwa ga akwati.

Duk da haka murjani bai rayu ba. Akwatunan wancan lokaci da fararen ƙasusuwan murjani ake ƙawata su, waɗanda ake cirewa lokaci-lokaci a wanke da ruwan bilic. Idan aka sa mai rai, cikin 'yan makonni yake kodewa ya mutu. Wani mazaunin Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya ba da mamaki a 1961 da ya wallafa a wata mujallar Amurka cewa shi nasa suna rayuwa, alhali ba shi da komai sai duwatsun da ya ɗebo daga teku da halittunsu, da ɗan kumfar iska, da hasken rana. Da yawa ba su gaskata shi ba. Waɗanda suka kwaikwaye shi a ɗakunan Turai masu duhu kuma ba su dace ba, domin sun kwaso duwatsun sun baro ranar Indonesiya.

Rumfa ta zama rana

Masana sun daɗe da sanin cewa a cikin tsokar murjanin tuddai akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka masu rai. Ayarin binciken da Maurice Yonge ya jagoranta zuwa babban tudun murjani na Ostireliya a 1928 zuwa 1929 ya yi nazarinsu, bincike na baya kuma, musamman na Leonard Muscatine, ya tabbatar da cewa ƙwayoyin suna haɗa abinci da hasken rana su miƙa wa mai masaukinsu. A wasu nau'o'in, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da dabbar ke rayuwa da shi daga nan yake fitowa. Murjanin da aka ajiye a ƙarƙashin fitila mai rauni yunwa ce take kashe shi, ko da ruwansa ya fi na sha tsabta.

Da wannan ilimi ya iso ga masu kiwo, murfin akwati ya tashi daga matsayin abin hana ƙura. Jamusawa ne suka yi gaba. Peter Wilkens, a rubuce-rubucensa na shekarun 1970, ya koyar da ɗiga ruwan farar ƙasa domin mayar da kalsiyam ɗin da murjani ke cinyewa. Wata ƙungiyar masu sha'awa a Berlin ta haɗa wannan da duwatsu masu rai, da fitila mai tsananin haske, da na'urar da ke kaɗa kumfa ta kwashe ƙazanta kafin ta ruɓe. A akwatin ɗaya daga cikinsu, Dietrich Stüber, wani murjani mai rassa na dangin *Acropora*, wanda aka ɗauka ba zai taɓa rayuwa a gida ba, ya tsiro ya yi ta girma a shekarun 1980 har aka riƙa karya rassansa ana rabawa. Jikokin wannan reshe suna cikin akwatuna a nahiyoyi dabam-dabam har yau, da sunan mutumin a kansu.

A 1986 wani ɗan ƙasar Holan, George Smit, ya rubuta jerin maƙaloli a wata mujallar Amurka game da ƙananan tuddan murjani na gida, inda ya nuna matatar ruwa a ƙarƙashin akwati da dogayen fitilu masu shuɗin haske a sama. Shuɗi ne domin ruwan teku yana shanye jan haske a 'yan mitocin farko, shuɗin ne ke nitsawa. Daga wannan lokaci siffar da aka sani ta kafu: kabad a ƙasa mai ɗauke da tanki da injuna, akwati a tsakiya, rumfa a sama.

Rumfar shekarun 1990 tanda ce a ɓoye. Ƙwayayen fitilar da aka fi so, irin na filayen ƙwallo, suna cin wat 250 ko 400 kowane ɗaya. Dole a ɗaga su sama da ruwa don kada feshin gishiri ya fasa su, dole a huda rumfar a dasa fankoki, a shafe cikinta da farin fenti, a kuma yi mata ƙofa mai faɗi da hannu zai shiga har gindin akwati. Wasu ma sai da suka ƙara injin sanyaya ruwa. Kantuna ba su sayar da irin wannan daidai da buƙatar kowa, shi ya sa masu kiwo suka koma kafintocin kansu, al'adar da ta dawwama.

Abin da kafinta ya gada

Ƙa'idojin da mai gina mazauni ke bi a yau kowace tana da asarar da ta haife ta. Ta farko ita ce nauyi ya sauka katako a kan katako. Firam ɗin sama yana zama ne a kan kawunan ƙafafu, ƙafafu kuma a kan firam ɗin ƙasa, ta yadda aikin ƙusa shi ne hana gocewa kawai. Mazaunin da aka rataya kilo 600 a jikin ƙusoshinsa yana jiran ranarsa ne. Ta biyu ita ce tsoron tura ta gefe. Ƙafafu huɗu za su iya ɗaukar nauyi daga sama su kuma durƙushe idan yaro ya jingina, don haka ake liƙa faifan filawud a baya da gefuna ya ɗaure kusurwoyi. Katakon da aka yi da matsattsen gari ba ya shiga wannan aiki, domin da ya sha ruwa yake kumbura ya ruguje.

Akwatin da ke da baki na roba a gindinsa gefunansa ne ke ɗaukar nauyi. Wanda ba shi da shi yana buƙatar shimfiɗa lebur gaba ɗaya, da siririn soso a tsakani wanda zai shanye ɗan tudun da ido bai gani ba. Ana gwada lebur kafin a zuba ruwa, a sake gwadawa bayan an cika, kuma idan gyara ya kama a ƙarƙashin mazauni ake cusa 'yan falankai, ba a ƙarƙashin gilashi ba. A gidajen Turai da Amurka masu daɓen katako akan jera akwati kusa da bango mai ɗaukar gini, a gicciye a kan gungumen daɓe da yawa, saboda an tsara irin wannan daɓe ne a kan matsakaicin nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita.

Cikin kabad kuwa daminar da ba ta ƙarewa ce. Ana shafe shi da fentin jirgin ruwa, a yi wa gindinsa baki kamar tire don ya tare yoyo, a sa hinjin da ba ya tsatsa, a bar kafar iska. Ana auna tsayinsa da na'urar kumfa, domin kofinta sama ake ɗaga shi a zubar. Wayoyin lantarki suna zama sama da ruwa, kowace a bar mata lanƙwasa a ƙasa da soket yadda ɗigo zai faɗi ƙasa maimakon ya bi ta ciki, a kuma sa makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta zurara. Tankin ƙasa ba a cika shi, domin idan wuta ta ɗauke ruwan bututu da na saman akwati gangarowa yake yi, kuma sai ya sami masauki. Inda wuta ba ta da tabbas, batirin da zai ci gaba da motsa ruwa ya fi kowane ado muhimmanci, tun da iskar ruwan da ya tsaya cik tana iya ƙarewa cikin sa'o'i.

Bayan rumfa

A 1993 injiniya Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya fitar da shuɗin ƙwan LED mai haske, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Zuwa shekarun 2010 wannan fitila ta mamaye kiwon murjani. Ba ta da zafin ta da, ba ta da girma, ana iya rataya ta da siririyar waya. Salon akwati marar baki da wani Bajapanen, Takashi Amano, ya yayata a kiwon ciyayin ruwan daɗi ya tsallako, gidaje da yawa suka sauke rumfa. Nan da nan aka tuna sauran ayyukanta: wasu kifaye tsalle suke yi su faɗo ƙasa, ruwa yana saurin ƙafewa ya bar gishiri ya yi kauri, haske kuma yana dukan idon mai zaune a kujera. Sai aka ƙirƙiro murfin raga da na'urar ƙara ruwan daɗi, wasu kuma suka koma wa kafinta.

A waje kuwa teku tana cikin wani hali. Kamun kifin ado da gubar sayanaid ya lalata tuddai a Filifin tun shekarun 1960. Yarjejeniyar CITES ta sa murjani masu ƙashi a jerin abin da ake sa wa ido a cinikinsa tun 1985, ta faɗaɗa a 1990, Indonesiya kuma ta dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020. Babbar barazanar dai zafi ce. Idan ruwa ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani yana korar ƙwayoyin da ke ciyar da shi ya yi fari fat, kamar yadda ya faru a faɗin duniya a 1998 da 2016.

A nan ne ilimin falo ya fara biyan bashin da ya ci. Karya reshe a dasa, wanda masu kiwo suka ƙware a kai tun zamanin Stüber, shi ne ginshiƙin gonakin murjani na yau. Abin da ya gagara shi ne haihuwa, domin a teku murjani da yawa suna sakin ƙwai ne sau ɗaya a shekara, a wasu darare bayan cikar wata. A 2013 Jamie Craggs na gidan tarihin Horniman a kudancin Landan ya rufe akwatunansa daga duk wani haske na waje, ya sa fitilun LED da na'urorin da ake sayar wa masu sha'awa su kwaikwayi fitowar rana da faɗuwarta, da hawan wata da raguwarsa, da zafin kowane lokaci na shekara a tekun da aka ɗebo dabbobin. Suka saki ƙwai a lokacin da aka yi hasashe. A watan Agustan 2019 ɗakin kifi na Florida ya bi wannan hanya ya hayayyafa wani murjani mai siffar ginshiƙi, wanda cuta ta kusa shafewa daga gaɓar jihar.

Tsakanin mai aikin Anna Thynne da ke juya ruwa a gaban taga da wannan ɗaki mai duhu na Horniman akwai shekara 167 da tafiyar 'yan kilomita a cikin birni ɗaya. Aikin hannunta ya koma cikin kabad, aikin tagar ya koma cikin rumfa. Mutumin da ya tsaya yau da ma'auni da zarto yana lissafin inda tankin ƙasa zai zauna da tazarar fitila da ruwa, amsar waɗannan tambayoyi biyu ce za ta yanke ko reshen da ya saya zai kai baɗi, ko kuwa sai an sake ciro wani daga teku.